Faifan taurari na yara: wanda ya dace da sararin Makka da Madina

Faifai biyu ne aka haɗa da ƙusa a tsakiya. Na ƙasa yana ɗauke da taswirar taurari da kwanakin shekara a gefensa, na sama kuma yana da taga da sa'o'i 24. Yaro ya juya har ranar ta daidaita da sa'ar, abin da ya bayyana a tagar shi ne abin da ke bisa kansa. Ƙusar nan ita ce Jadyu, tauraron arewa, wanda sauran suke kewayawa. Ba batir, ba intanet, kuma yaro yana juya sama da hannunsa. A nan ya fi manhajar waya.

Amma a duba lambar da ke bayansa kafin a biya, ita ce ke nuna digirin arewa na wurin da aka yi faifan dominsa. Akwai waɗanda aka yi don Turai, digiri 50 arewa, alhali Makka tana kan 21, Madina 24. A faifan Turai ba za a ga Suhailu ba sam, tauraron da mutanen Saudiyya ke jiran ketowarsa a ƙarshen Agusta don zafi ya sassauto. A nemi mai lamba 20 zuwa 30.

Kwanakinsa na Miladiyya ne, don haka yaron da ya saba da kalandar Ummul Ƙura, wato ta Hijira da ake bi a Saudiyya, sai an taya shi. Wata da Zara ba sa ciki, domin su ba sa zama wuri guda. Gabas kuma tana hannun hagu, ba kuskuren bugu ba ne, a bisa kai ake riƙe shi.

Gwajin da ya fi shiga kan yara: bayan Isha'i a tsaya wuri ɗaya, a auna wani tauraro mai nisa da Jadyu da kan hasumiya. Bayan sa'a guda ya gusa yamma kusan digiri 15, kamar dunƙulen hannu ɗaya da rabi idan an miƙe hannu. Gobe zai iso wurin da wuri da kusan minti 4. A farkon Janairu, wajen ƙarfe 9 na dare, Kaza da 'ya'yanta, wato Surayya, tana kusan tsakar ka a Madina.

Na kwali yana lanƙwashewa da raɓar Jidda, na roba ya fi, kuma ƙarami na aljihu rubutunsa ba ya karantuwa da dare. A rufe tocila da jan leda, a fita bayan gari, a ba ido minti 20 ya saba da duhu.