Jagoran yara ko ɗan kwamiti: wanne ya dace da kai a Sikawut?

Masu son aikin sa-kai a Sikawut, ƙungiyar horar da yara da matasa, sun sha tambayata: su karɓi jagorancin yara ne, ko su shiga kwamitin gudanarwa?

Ta fuskar lokaci, jagora ne ke ɗaukar nauyi. Ga taron mako-mako, ga kwana a sansani, ga horo irin na Wood Badge da aka fara a Ingila a 1919. Ɗan kwamiti kuwa yawancin aikinsa rajista ne da lissafin kuɗi, yana iya yi daga gida.

Haɗari fa? Jagora amanar 'ya'yan mutane ce a hannunsa, shi ya sa ƙungiyoyi da dama suka hana babba keɓewa da yaro shi kaɗai. Ɗan kwamiti amanar kuɗi ya riƙe, rasit ɗaya ya ɓata sai zargi ya taso.

Abin da ya fi burge ni a jagoranci shi ne tsarin da Baden-Powell, wanda ya kafa Sikawut, ya gwada a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907: a kasa yara ƙananan rukunoni, a kowane rukuni yaro ɗaya ya shugabanci sauran. Dole babba ya koyi ja da baya, ya bar yaro ya yi kuskure ya gyara da kansa. Ba kowa ke iyawa ba, amma tasirinsa kan bi yaro har girma. Aikin kwamiti ba a cika ganinsa ba, sai dai shi ke riƙe ƙungiya idan jagora ya sauka.

Mai haƙuri da yara, mai sarari a ƙarshen mako, jagoranci ya dace da shi. Mai tsari da iya lissafi amma lokacinsa kaɗan, kwamiti ne wurinsa.