Genly da Don: maza biyu da gaskiya ke gabansu suka ƙi gani

'Yar'uwa, kin tambayi yadda marubutan ƙagaggun labaran kimiyya ke gina namijin da ke kau da kai daga abin da bai yi masa daɗi ba game da mata, tunda kina son gwada irin wannan rubutu. Ga biyu ki auna.

Na farko shi ne The Left Hand of Darkness na Ursula Le Guin, 1969. Genly Ai jakada ne da aka tura duniyar Gethen, inda mutane ba maza ba ne, ba mata ba. Watansu kwana 26 ne, kuma 'yan kwanaki kawai a ciki jikin mutum ke karkata zuwa namiji ko mace. Har sarkinsu ya ɗauki ciki. Genly ya san duk wannan, a rahoto ma yake rubuta shi, amma zuciyarsa ta ƙi karɓa. Estraven, firaministan sarkin, shi kaɗai ya yarda da saƙonsa, Genly kuwa sai ya riƙa ganin halin mata a tattare da shi yana fassara shi da munafunci. Dabarar Le Guin ita ce ta saka babobi daga littafin da Estraven ke rubuta abin da ya faru da shi kullum, mai karatu ya ji ɗaya ɓangaren tun kafin Genly ya farga. Sai a cikin tafiyar kusan kwana 80 da suka yi suna jan kaya a kan ƙanƙara, tanti ɗaya, sannan idonsa ya buɗe.

Na biyu gajere ne, The Women Men Don't See na James Tiptree, 1973. Ƙaramin jirgi ya faɗi a gaɓar Yukatan ta Meziko da Don Fenton da Ruth Parsons da 'yarta. Nan murya ɗaya ce tal, ta Don. Ruth ta faɗa masa ƙarara yadda mata ke lallaɓa rayuwa a duniyar maza, ya ɗauka surutu ne. Da wasu halittu daga wata duniya suka sauko ya zaro bindiga wai zai kare ta, harbin ya same ta, ita kuwa roƙonsu take su tafi da ita da 'yarta. Labarin ya ƙare bai gane ba. Abin dariya, Tiptree ɗin mace ce, Alice Sheldon, kuma a 1975 marubuci Robert Silverberg ya rubuta cewa wannan alƙalami ba na mace ba ne.

Hanyar Tiptree ta fi wuya. In kika ɓoye hujjar da yawa, mai karatu zai bi bayan Don; in kika bayyana ta da yawa, Don ya zama wawa, ba mai kau da kai ba. A namu ganin ki fara da ta Le Guin, murya biyu na ba ki wurin gyara.

Sai dai ki shirya wa matsalar lamiri. Le Guin ta kira mutanen Gethen duka da "shi", daga baya ta ce ta yi kuskure. A Hausa abin ya fi tsanani, domin ko magana za a yi da mutum kai tsaye sai an zaɓi "kai" ko "ke".