BMW E90 ko Benz C-Class, wacce ta fi wahala wajen yoyon baƙin mai?

Ɗan uwa da ya tambaya jiya cewa ya ga motoci biyu 'yan Kwatano, BMW E90 325i ta 2006 da Benz C-Class W203, dukkansu ƙasan injin ya jiƙe da baƙin mai, wacce zai ɗauka wacce kuma gyaranta ya fi sauƙi. Toh yallaɓai, motar Turai da ta haura shekara 15 da wuya ka samu injinta a bushe ƙarau, roba ce take bushewa ta sandare saboda zafi, ga kuma ranar da muke sha a nan. Abin dubawa shi ne daga ina man yake fitowa, kuma in ya fito a kan me yake sauka. A nan ne motocin nan biyu suka rabu.

Ita BMW ɗin injin N52 gare ta, silinda shida a jere. Wuri uku aka san ta da su, gaskit ɗin murfin saman injin wanda makanikai ke cewa tof koba, da gaskit ɗin gidan filtar mai, sai na kaskon ƙasa. Na saman shi ne wanda za ka ji ƙaurin mai yana shigowa ta AC in ka tsaya a goslo, saboda injin a ɗan kishingiɗe yake ta ɓangaren salansa, man yana gangarowa ya ɗiga kan ƙarfe mai zafi. Wani lokacin kuma ya taru a ramin filogi ya jiƙa koyil, mota ta fara karkarwa, a yi ta canza filogi a banza. Amma wanda nake so ka ji tsoro shi ne na gidan filta. 'Yar roba ce da ba ta kai tafin hannu ba, kusoshi uku ne ke riƙe da gidan, amma a gaban injin take, saman fambel. Man yana sauka kan fambel ɗin, ya kumbura ya yi santsi, wata rana ya zame daga kan fuli, kuma a wannan injin in ya zame yana iya naɗewa a bayan babban fulin ƙasa ya keta oyil sil ɗin gaba, wato robar da ke tare mai a wurin, ya shige cikin injin. Guntayen roba su je su toshe bakin da famfon mai yake zuƙo mai. Kaga aikin roba ɗaya ya koma sai an sauke kaskon ƙasa an tsince, in ma an yi sa'a injin bai buga ba. Ga shi kuma N52 ba ta da sandar gwada mai, a dashbod kake gani, in na'urar da ke aunawa ta samu matsala kana tafiya baka san ya ragu ba.

Benz kuwa baka faɗa mana wane inji ba ne, kuma W203 ba inji ɗaya ba ce. In Kompressor ce mai silinda huɗu ta daga 2002 zuwa sama, wato M271, yoyonta ba ya ma kai ƙasa wani lokacin, shi ya sa yake yaudarar mutane. Akwai maganaɗisu biyu a gaban kan injin da ke sarrafa kamshaf, mai yana ratsawa ta cikin soket ɗinsu ya bi cikin waya a hankali har ya kai ga sensan salansa, har ya kai biren bokis, wato kwamfutar injin. Sai ka ga wutar cek injin ta ƙi mutuwa, an canza sensa ta dawo, an sake canzawa ta dawo. Don haka in kaje dubawa ka cire soket ɗin maganaɗisun ka haska da tocilan, ka kuma cire babban soket ɗin biren bokis, in kaga danshin mai a kan fil ɗin toh ka san inda aka kwana. Maganin bai da tsada in an kama da wuri, a canza maganaɗisun a saka 'yar gajeriyar wayar nan da Mercedes suka yi musamman don ta tare man. In kuma C240 ce ko C320, V6 mai lamba M112, wannan tsohon soja ne wallahi. Yoyonsa yawanci daga ƙananan murafun numfashi ne da ke kan tof koba, da gam aka manne su tun daga kamfani ba gaskit ba, sai robobin kular mai da ke jikin gidan filta. C230 ta 2006 da 2007 kuma M272 ce, ita tana son yin yoyo ta wasu 'yan toshe na roba a bayan kan injin, man ya gangaro ta kan giyabos.

Wannan na ƙarshen shi ne yake sa a cuci mutane. Bakanike ya shiga rami ya ga mai a mahaɗar injin da giyabos, nan take ya ce oyil sil ɗin baya ne sai an sauke giya. Alhali mai daga sama yake gangarowa ƙasa, iskar tafiya kuma tana tura shi baya, inda ka ga ɗigo ba lallai nan ne asalin ba. Ko a BMW ko a Benz hanya ɗaya ce, a cire murfin robar ƙasan injin in yana nan don yana tara mai ya ɓoye, a wanke injin tas amma banda feshin ruwa mai ƙarfi kan soket, a bari ya bushe, a zaga gari kamar minti 20, sannan a fara nema daga sama zuwa ƙasa. Wuri mafi tsayi da ya jiƙe shi ne mai laifi. Wasu suna barbaɗa hoda a inda suke zargi don sawun man ya fito, yana aiki sosai. Ka kuma tabbatar baƙin man ne, don man sitiyari ma yana jiƙa ƙasan injin a ɗora wa injin laifi.

Sannan kafin a ɗaura sabon gaskit a duba numfashin injin. In bututun da ke fitar da iskar cikin injin ya toshe ko robarsa ta yage, za ka saka sabo bayan 'yan watanni ya sake jiƙewa. Injin yana silo ka buɗe murfin zuba mai, in yana zuƙa da ƙarfi har da ƙyar yake buɗuwa ko kana jin fito, akwai magana. A BMW daga 2007 wannan abin numfashin a cikin tof koba na roba yake, sau da yawa sai dai a canza murfin gaba ɗaya, ita ta 2006 murfinta na ƙarfe ne abin kuma daban yake a waje, wannan ɗan sauƙi ne a gare ka.

Wajen aiki kuwa BMW ta fi tsirfa. Kusoshin alminiyam ne a wurare da yawa na N52, har da na kaskon ƙasa, sau ɗaya ake ɗaure su, in yaron shago ya mayar da tsoffi ya danna da ƙarfin tuwo sai kai ya tsinke a ciki. Kuma kafin kaskon ya fita sai an rataye injin an sassauto da ƙarfen da yake zaune a kai, aikin wuni ne. Benz V6 ɗin kaskonta gam ne daman, amma gam ɗin da ya dace, siriri, ba wannan lafta jan gam da ake yi har yana tsatstsafowa ba, don abin da ya fito waje irinsa ya shiga ciki. A inda kamfani ya sa roba a mayar da roba, ta kamfanin Elring ko Victor Reinz in ka samu na gaske a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo, na jabu sun yi yawa ka duba kwali da kyau. Kuma don Allah a daina zuba mai mai kauri 20W-50 wai don yoyo ya tsaya, kaurin mai ba ya ɗinke robar da ta tsage.

Ni dai in ni ne, in Benz ɗin M112 ce zan ɗauke ta ko da tana ɗan gumi, masu gyaranta sun fi yawa a garuruwanmu kuma yoyonta yana ba ka lokaci. In Kompressor ce sai na ga soket a bushe. BMW kuma in ranka ya biya ba laifi, ta fi daɗin tuƙi, amma ka rage kuɗin gaskit ɗin gidan filta da sabon fambel da tenshina mai ɗame shi daga cinikin, kuma a yi aikin kafin ka hau doguwar hanya da ita. Turo mana hoton gaban injin kowacce da lambar shasi mu ga wane inji ne a Benz ɗin.