Kayan koyon lantarki a Damagaram: wanne za a fara saye, wanne zai jira?

Duk shigowar shekarar karatu sai an tare ni da tambaya ɗaya, ko daga ɗalibin kimiyya na Jami'ar André Salifou, ko daga malamin da aka damƙa wa 'yan kuɗi aka ce ya haɗa ɗakin gwaji: "Malam, osiloskop nawa ne?" Osiloskop dai na'ura ce mai zana siffar igiyar lantarki a fuskarta. Ni kuwa sai in ce a ajiye wannan tukuna, a nuna mini miltimetar da ke hannu, wato na'urar auna bolt, amfiya da juriya.

Mai arhar nan, DT830, da ba a rasa ta wajen masu gyaran rediyo, ta isa auna batir da gane diyod (mai barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai) mai rai. Amma tana da wani hali da ke ruɗa mai koyo. Juriyar mashigarta megohm 1 ce kawai, alhali masu kyau suna da megohm 10. Jera rezistans (masu rage gudun wuta) biyu masu megohm ɗaya-ɗaya a kan batir mai bolt 9, ka auna tsakiyarsu. Lissafi ya ce 4.5. Mai arhar za ta nuna maka 3, mai kyau ta nuna kusan 4.3. Yaro ya yi ta maimaita lissafi yana zargin kansa, alhali na'urar ce ke shan wutar da take aunawa. Ƙari a kan haka, ramin amfiya 10 na yawancinsu ba shi da fis. Idan da hali, ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai megohm 10, mai yin ƙara idan waya ta haɗu. Nan ne wurin da ban yarda a yi rowa ba.

Allon soke-soke mai rami 830 kuwa, wanda ake haɗa da'ira a kansa ba tare da dalma ba, kada ka saya sai ka soka ƙafar rezistans ka ji ta kama. Wanda ramukansa suka saki, da ƙurar hunturu ta shige shi, shi ke nan: da'ira ta yi aiki da safe, ta ƙi da la'asar.

Ƙananan kaya a saye su da yawa, don ƙonewa za su yi, kuma ƙonewar ma karatu ce. Diyod 1N4007 da 1N4148, taransista BC547 da BC557, sai 555, ɗan kayan nan mai ƙidayar lokaci, guda-guda. A kula: jerin ƙafafun BC547 kishiyar na PN2222 ne, ko da yake jikinsu iri ɗaya. Mai shago zai ce maka "duk ɗaya ne", ba ɗaya ba ne.

Batun amfili, mai ƙara wa igiya ƙarfi, shi ne inda nake saɓawa da abokan aiki. Littattafai sun riƙe amfili mai lamba 741 tun fitowarsa a 1968, har ya zama kamar gado. Amma yana neman wuta gida biyu, ta sama da ta ƙasa, kuma ba ya iya hawa fiye da rabin bolt a cikin mikrosakan ɗaya. Ka nemi bolt 10 daga gare shi, da ka wuce kilohaz 8 sai igiyar da ta shiga a lanƙwashe ta fito da tsini kamar dala. LM358 yana tashi da batir ɗaya, daga bolt 3, don haka shi ya fi dacewa da ɗalibin da zai yi gwaji a ɗakinsa a Birni ko Zango. TL072 ya fi su sauri nesa ba kusa ba, shi ake so ga aikin sauti. Ni dai ina ajiye 741 'yan kaɗan don a ga gazawarsa da ido, ragowar kuɗin su tafi ga sauran biyun. Idan an aiko maka da TL072 daga Kano, gwada shi. Jabu na yawo, an goge suna an buga wani.

Yanzu osiloskop. DSO138, wanda ake harhaɗawa da hannu, tasha ɗaya gare shi (igiya ɗaya kawai yake nunawa a lokaci guda) kuma iyakarsa kilohaz 200. Ya koyar da lanƙaya dalma, amma karatun amfili kwatanta shiga da fita ne, tasha ɗaya ba ta yi. Rigol DS1054Z, mai tasha huɗu da megahaz 50, ba shi da abin kushewa, sai dai da kuran (wutar lantarki) ya ɗauke ya zama kayan ado. Kuma na san yadda ake yi: abu mai tsada guda ɗaya a kabad yake ƙarewa, makulli a aljihun mutum ɗaya, ɗalibai arba'in suna leƙe ta kafaɗar juna.

Shi ya sa hankalina ya fi kwanciya da waɗanda ake jonawa da kwamfutar hannu. Hantek 6022BE na da tasha biyu da megahaz 20, sai dai kallo kawai yake yi, dole ka nemi abin da zai ba ka igiyar gwaji. ADALM2000 na kamfanin Analog Devices ya haɗa osiloskop mai tasha biyu, da mai samar da igiya, da wutar bolt 5 sama da ƙasa, duk daga USB. Muddin batirin kwamfuta na da caji, darasi bai tsaya ba. Sharaɗi ɗaya: kada a kuskura a kai shi kan wutar gida mai bolt 220, don kwamfutar za ta tafi tare da shi.

Wanda aljihunsa bai kai nan ba ya sauke LTspice, manhajar gwada da'ira a kwamfuta, kyauta ne. Ya zana da'irar a can, ya gina ta a allo, ya auna faɗuwar bolt 0.7 ɗin diyod da miltimetarsa, osiloskop ya jira baɗi.