Amfilifaya mai wat 1000 ko sabufa ta biyu: wanne ya fi ƙara sauti?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya ce yana da sabufa (lasifikar da ke fitar da bes, wato sauti mai kauri) ɗaya da amfilifaya (na'urar da ke ba lasifika ƙarfi) mai wat 500, yana tambaya ko sayen mai wat 1000 zai ninka masa ƙarar bes, ko kuwa gara ya ƙaro sabufa ta biyu. Malam, bari mu jera hanyoyin biyu mu gani.

Idan ka ɗauki hanyar farko, ka sani cewa ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Za ka ji bambancin, amma kaɗan ne, domin kafin kunne ya yarda cewa sauti ya ninka sai an ƙara kusan desibel 10, wato sai ka tashi daga wat 500 zuwa 5000. A ce sabufarka tana ba da desibel 87 da wat ɗaya a tazarar mita ɗaya, kamar yadda masu ƙerawa suke rubutawa a takardarta. A lissafi, wat 500 zai kai ta kusan 114, wat 1000 kuma 117. Wata sabufa mai 90 za ta kai wannan 117 ɗin da amfilifayar da kake da ita yanzu, ba tare da ka canza ta ba.

Ko waɗannan desibel 3 ma ba lallai ne su zo maka cikakku ba. Kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa faifan lasifika, yana ɗaukar zafi idan wuta ta yi masa yawa, zafin kuma yana ƙara masa turjiya, sai wani kaso na ƙarfin ya tafi a banza. Faifan lasifikar shi ma yana da iyakar da zai iya kaiwa da komowa, kuma idan ya kai ta za ka ji yana bugawa kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, alamar cewa an matsa masa fiye da kima.

Hanya ta biyu ta fi riba a ganina. Sabufa biyu iri ɗaya, a ajiye su kusa da juna, kowace tana samun nata wat 500, suna iya ba da ƙarin desibel 6, kuma babu wadda aka ɗora wa nauyin da ya wuce na da. Idan kuwa wat 500 ɗin nan suka raba tsakaninsu, ƙarin kusan 3 ne. Sai dai ka duba om, wato ma'aunin turjiyar lasifika ga wuta, kafin ka haɗa, domin biyu masu om 4 da aka haɗa wayoyinsu gefe da gefe (+ da +, − da −) suna komawa om 2, kuma ba kowace amfilifaya ce take jure wannan ba.

Akwai inda babbar amfilifaya take da hujja: idan ta yanzu tana kaiwa maƙura, jar fitilarta tana kamawa, sautin yana fashewa. Wannan gurɓataccen sauti yana dafa kwayil, don haka a nan canjin ya dace. Wajen saye, lambar RMS, wadda ke nuna ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa a kai a kai, za ka duba a jikin amfilifaya da sabufa duka, ka rabu da manyan lambobin PMPO (ƙarfin ɗan ƙiftawar ido da ake talla da shi) da ake bugawa a kwali.