Kirim ɗin da ba na madara ba: wanne ne zai riƙe adon kek ɗinki?

Kirim na madarar shanu daɗinsa ba a magana, amma ba shi da juriya. Ki buga shi, ki shafe kek da shi, ki bar shi a ɗaki mai ɗumi na awa ɗaya, sai ki ga ya fara zufa yana sulalewa ta gefe. Abin da ya kori masu adon kek da yawa zuwa ga kirim na man tsirrai ke nan. To su ma kala-kala ne, kuma kowanne da inda yake ba da kunya.

Wanda aka fi sani shi ne na ruwa da ke zuwa a kwali, a daskare. Wani Ba'amurke mai suna Robert Rich ne ya fara fito da irinsa a birnin Buffalo a 1945, da waken suya ya haɗa shi, kuma kamfaninsa na Rich's yana nan har gobe. Yawancin na yanzu da man alayyadi ake yin su, da ruwa, da sukari, da sinadaran da ke hana mai da ruwa rabuwa. Riba a nan take: kirim na madara idan aka buga shi ninki biyu yake yi, wannan kuwa yakan kumbura ninki uku zuwa huɗu. Fari ne fat, yana karɓar kala yadda kike so, ga shi da zaƙinsa ya zo, ba sai kin ƙara sukari ba.

Amma yana da sharuɗɗa. A firji ake narkar da shi, ya kwana, kada gaggawa ta sa ki tsoma kwalin a ruwan zafi. Lokacin bugawa ya kasance da sanyinsa, tsakanin digiri 2 da 7, kuma ki bar mikisa a matsakaicin gudu. Ki tsaya a kansa kina kallo. Da farko zai yi kumfa, sannan ya yi sheƙi, wayar mikisar ta fara barin sawu a cikinsa. Da kin ɗaga wayar kin ga tsinin ya tsaya da ɗan lanƙwasa a kai, ki kashe. Minti ɗaya kika ƙara, sheƙin ya tafi, ya koma gautsi-gautsi da ramukan iska, idan kika ja shi da wuƙar shafi sai ya riƙa yagewa. Ni dai ya taɓa yi mini haka ana saura awa biyu a zo ɗaukar kek. Abin da ya cece ni, na zuba ɗan wanda ban buga ba, na juya a hankali da hannu har ya dawo hayyacinsa.

Aibinsa biyu. Yana barin maiƙo a ganɗa kamar kakin zuma, domin mansa ba ya saurin narkewa a baki irin na bota. Sannan ba ya shiri da fondan (kwaɓin sukarin nan da ake murzawa a lulluɓe kek da shi) ko kaɗan, laimarsa narkar da shi take yi. Kuma duk da ya fi na madara jure ɗumi, kek ɗin da aka shafe da shi firji ne gidansa.

Akwai wanda aka riga aka buga, a roba, irin su Cool Whip da ya shigo kasuwa a 1966. Wannan na ɗora wa a kan 'ya'yan itace ne ko cusa wa tsakanin kek, ya yi laushi da yawa ga fure mai tsini. Na gari kuwa, irin su Dream Whip, amfaninsa ba ya neman firiza kafin a buɗe shi, sai dai da madara mai sanyi ake kwaɓa shi, kuma tsayuwarsa ba ta kai ta na kwali ba.

Ga inda ake yaudaruwa. Rubutun da ke gaban kwali cewa ba na madara ba ne bai isa shaida ba. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin kasinet, wanda daga furotin ɗin madara ake ciro shi, Cool Whip ma har madarar kanta yana da ita. Idan wanda zai ci kek ɗin jikinsa ba ya karɓar madara sam, ki juya kwalin ki karanta jerin kayan haɗi layi-layi.

In kuwa kek ɗin zai wuni a kan tebur, to ki nufi farin man tsirrai mai tauri irin su Crisco, wanda ake sayarwa tun 1911. Bota tana narkewa tsakanin digiri 32 da 35, shi kuwa sai ya haura 45. Ki buga awo ɗaya na man da awo biyu na garin sukari, a ma'aunin nauyi, da cokali kaɗan na madarar waken suya. Furen da kika matsa da shi zai tsaya cak da ganyayensa, rubutu ba zai baje ba, bayan kamar minti 20 kuma samansa ya yi ɗan ɓawo da za ki iya lallashe shi ya yi sumul. Kuɗin wannan ƙarfin a baki ake biyansa: zaƙi har ya gundure mutum, ga nauyi. Ɗan gishiri da ɗigon lemun tsami suna rage masa. Wasu sukan raba man biyu, rabi majarin, don ɗanɗano. In za ki yi haka ki ɗauki majarin mai tauri, na roba mai laushi ruwa ya yi masa yawa, kuma shi ma a duba, wasu da ruwan madara a ciki.

Kirim ɗin kwakwa ya fi su duka ƙamshi, ya kuma fi su rauni. Gwangwanin madarar kwakwa ya kwana a firji, ki kwashe kitsen da ya taso sama ki buga. Man kwakwa a digiri 24 yake narkewa, ɗumin tafin hannunki a jikin ledar matsawa ma ya ishe shi. Inda yake burge ni shi ne idan aka tafasa awo ɗaya aka zuba a kan awo biyu na baƙin cakulan marar madara. Wannan haɗin in ya huce yana ba da gefe mai kaifi, kuma shi nake shafawa a ƙarƙashin fondan.

Da za a ce in ajiye biyu kawai, na kwali da farin mai zan ajiye: na kwali don kek ɗin da za a fito da shi daga firji a yanka nan take, farin mai don wanda zai yi tafiya a mota ko ya daɗe a gaban baƙi. Sabon samfuri kuwa, ki sayi ƙaramin kwali tukuna, ki matsa fure uku a faranti, ki ajiye a ɗakin da ba sanyi na tsawon awannin da kek ɗin zai yi a waje, ki riƙa leƙawa.