Ajin Ingilishi na dare a Maradi: makon da muka yi kan kalmomin gudu

Wata uku ke nan ina zuwa wani ajin koyon Ingilishi da ake yi bayan sallar isha'i a unguwarmu, domin kasuwancin da ke kai ni Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya ya nuna mini cewa ɗan abin da na koya a kwaleji bai isa karanta jarida ba. Makon da malaminmu ya keɓe wa kalmomin gudu da tsira shi ne ya gamsar da ni cewa kuɗin da nake biya ba su tafi a banza ba.

Malam bai bi ta Faransanci ba kamar yadda muka saba. Ya fara tambayarmu bambancin tserewa da kuɓuta da sulalewa a Hausa, sai da muka yi musu sosai, sa'annan ya ɗora kowace kalmar Ingilishi a gurbinta. Ya ce "flee" gudun ceton rai ne, irin na 'yan'uwanmu na Sakkwato da Zamfara da suka kwararo yankin Gidan Rumji a 2019, alhali "escape" kuɓuta ce daga abin da ya riga ya riƙe mutum. Asalinta Latin ne, ma'anarta fita daga mayafi, wato mutum ya zame ya bar rigarsa a hannun mai kama shi, kuma malam ya sa wani ɗalibi ya riƙe masa babbar riga ya zare jikinsa a gabanmu. Ba na jin akwai wanda zai manta da ita. "Abscond" kuwa ta ɗan kasuwa ce ƙwarai, domin ita ake faɗa wa yaron shagon da ya sulale da kuɗin maigidansa, "bolt" kuma ta dokin da ya ƙwace linzami.

Kalmomin gagara ma an bi da su da kyau. Mun ji cewa "run amok", wato mutum ya haukace ya yi ta ɓarna ba mai iya tsayar da shi, daga harshen Malay ta shigo, "stampede" daga Sifaniyanci, kuma ita ce turmutsutsunmu, ko na shanu ko na mutane. Na fi jin daɗin "runaway", wadda ake jingina wa farashin da ya ɓalle ya fi ƙarfin kowa, abin da duk mai sayen buhun gero a damina ya sani a jikinsa.

Inda ajin ya gaza shi ne sauraro. Muna rubuta kalmomin nan har hannu ya gaji, amma ba a taɓa kunna mana labaran rediyo mu ji su a bakin masu harshen ba, shi ya sa har yanzu nake rikita "fled" (ya gudu) da "flew" (ya tashi sama) idan an yi magana da sauri. Na roƙi malam ya ware mana ko da minti goma a kowane dare, ya kuma yi alkawarin zuwa da rediyonsa mako mai zuwa.